Shekarar da Aka Ce Mijina Waliyyi Ne

Jikata ce ta shigo mini da labarin an rushe zauren Malam, wai za a gina butik a wurin a riƙa sayar da kayan gyaran baburan kabu-kabu. Ta faɗa ne kamar mai ba da labarin yayyafin wani gari, idonta na kan salularta, wani malami mai ƙaton rawani yana ta zuba a ciki kamar indararo. Zauren ƙasa ne, ya daɗe da tsagewa, mai shi kuma ya riga mu gidan gaskiya tun uwarta ba ta zo duniya ba. Amma da ta fita sai na kasa ƙarasa tsinkar zogalen da ke gabana, na zauna ina kallon kaji suna yi mini ɓarna ban ko kore su ba.

Yanzu malamai sun yi yawa, Allah ya ƙara. Suna cikin rediyo, suna bisa lasifika, suna cikin aljihun kowane yaro. Ba na cewa ba su da karatu, wasunsu ma in suka buɗe baki sai ka ji kamar ka tashi ka sake alwala. Abin da nake tambayar jikokina kawai shi ne, wannan da kuke saurare tun safe, ya san sunanku? In kuka kwana biyu ba ku sa komai a baki ba, wa zai gaya masa? Sai su yi dariya su ce Kaka ta fara. To, na fara ɗin. Ni dai na ga malami guda da idona, na ga yadda yake aikinsa, kuma ba a wurin wa'azi na gane shi ba. A ƙofar gidana na gane shi, shekarar da mutanen unguwarmu ta Zango suka ce mijina ya zama waliyyi.

Daga Gidimuni aka kawo ni aure. Ni 'yar bakin tafki ce, na saba in miƙa hannu in taɓa ruwa, sai ga ni a Damagaram inda ake lallaɓa tulu kamar jariri. Zangon wancan lokacin ba wannan ba ne mai ƙarar babura. Da asuba abin da za ka fara ji shi ne gurnanin raƙuman Bugaje ana ɗora musu kaya, sannan luguden mata ya ɗauka daga wannan gida zuwa wancan, sannan ƙarar guga tana dukan bangon rijiya, mata na jiran ruwa ya taru suna cin naman wadda ba ta zo ba. In iska ta juyo daga wajen majema kowa ya san ta juyo. Da kaka kuma kamyo-kamyo, manyan motocin dakon gyaɗa, su yi ta nishi a hanyar Kano. Nasara yana nan a lokacin, amma ƙafarsa ɗaya ta riga ta fita. Maza in sun zauna ba su da zance sai na ƙuri'a da wanda zai riƙe ƙasa, mu mata kuwa damuwarmu wanda zai riƙe mana layi a rijiya. Sana'ata matsar man gyaɗa da tuyar ƙuli-ƙuli, da ita na saba da gidaje da yawa.

Maigidana baduku ne, rumfarsa na jingine da zaurenmu. Ban taɓa ganin mutum mai surutu irinsa ba. Yana ɗinki yana waƙa, yana ciniki yana tsokana, in babu mai saye sai ya juya ya tsokani akuyar maƙwabta. Daga cikin gida nake jin muryarsa tana tashi tana sauka tare da bugun fata, da ita nake sanin ko kasuwa ta yi kyau. Aibinsa ɗaya, ba ya iya yin abu daidai kima. In aka ce mudu ɗaya, shi sai ya yi uku. Uwarsa, wadda muke zaune tare da ita, takan ce tun yana yaro in aka aike shi ɗebo wuta sai ya ɗauko murhun. Ina son sa ƙwarai, ko da yake a zamaninmu mace ba ta faɗin haka, sai dai a gani a tuwonta.

Cikin rani wani baƙon malami ya sauka a gari da jama'arsa, fararen kaya tas kamar ba su taɓa hawa mota ba. Ba zan ci namansa ba, shi ma ya daɗe da tafiya inda za mu je. Mutum ne mai kwarjini da murya, in ya ja zikiri da yamma har mu da ke bayan katanga sai mu ji tsikar jikinmu ta tashi. Samari da magidanta suka yi ta tururuwa. Duk wanda ya miƙa hannu ya ba shi wuridi, wanda ya nuna zumuɗi ya ƙara masa mai nauyi, ya ce ya shiga ɗaki ya rage ci ya rage barci har Allah ya yi masa buɗi. Bai jima ba ya naɗe buzunsa ya yi gaba, don garuruwan da ke jiransa suna da yawa. Baƙo raɓa ne. Ya bar mana maza riƙe da carbi, kowa da abin da aka ɗora masa, babu mai zuwa ya duba yadda kayan suka zauna.

Yawancinsu sun yi 'yan kwanaki suka gaji suka koma harkarsu. Nawa kuwa ai kun ji halinsa. Ya shiga ɗaki ya ja ƙofa. Waƙa ce ta fara ɗaukewa, sannan tsokana, sannan aka wayi gari rumfa a rufe, fatu sun bushe sun ƙandare. Da ya fito bayan wani lokaci, jikin ne ya fito. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo, idonsa a buɗe amma ba ya sauka a kan komai, leɓensa na motsi ba dare ba rana. In na miƙa masa fura sai ya riƙe ƙwaryar har ta tsinke. In na sa masa loma a baki ya haɗiye kamar ana zuba hatsi a buhu. Na yi masa magana ya dube ni yadda ake duban bango. Wani lokaci ya yi murmushi shi kaɗai, wani lokaci hawaye su yi ta zuba ba sauti.

Ni na ce ciwo ne, gari ya ce buɗi ne. Abokan zikirinsa suka ce ya kai inda ba kowa ke kaiwa ba, ya daina ganin duniya don ya ga abin da ya fi ta. Kafin ka ce me, zaurenmu ya zama wurin ziyara. Ana zaunar da shi a kan buzu, maza su durƙusa su shafi gefen rigarsa, mata su aiko da yara a riƙe hannunsa a ɗora musu a ka. Ruwan da na wanke masa hannu ma sai a roƙa a tafi da shi. Kuma ba hannu sake ake zuwa ba, ga gero, ga dabino, ga kaji, gidanmu bai taɓa ganin wadata irin ta wannan lokacin ba. Surukata, baiwar Allah, har sabon zane ta riƙa ɗaurawa, tana karɓar barka tana cewa dama tun cikinsa ta yi mafarki. A rijiya mata suka fara ba ni wuri in ɗiba kafin su, suna ce mini matar waliyyi. Ina murmushi ina amsawa, in na koma ɗaki in yi kuka. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Su suna ganin waliyyi, ni kuwa ni ke canza masa wando.

Labari ya kai Gidimuni, Baba ya zo da kansa farkon damina. Manomi ne, ba shi da yawan magana, kuma ba ya sayen abu sai ya juya shi ya ga bayansa. Ya zauna a zaure wuni guda yana kallon surukinsa, wanda ko gaisuwa bai yi masa ba. Da yamma ya kira ni gefe ya ce shi bai san waliyyai ba, amma ya san mutumin da hankalinsa ya tafi. Ya ce bai ba da 'yarsa don ta tsufa tana jinyar gawa mai numfashi ba, ga shi ko haihuwa ban yi ba tukuna. Zai koma ya yi noma. In an kai amfani gida zai dawo, in ya tarar da abin yadda yake, zai kai magana gaban alƙali a raba auren ya tafi da ni. Baba in ya faɗi magana ba ya maimaita ta. Na san gaskiya yake bi, na kuma san ba na son tafiya.

A bayan masallacin unguwarmu akwai wani tsohon malami da kowa ke kira Malam kawai, kamar babu wani. Shi ke limanci, shi ke raɗin suna, shi ke wankan gawa, irin malamin da aka saba da shi har aka daina ganinsa. Gajere ne, haƙoransa sun zube sai 'yan kaɗan, goronsa ma a turmi ake daka masa. Yana da faɗa in yara suka taka masa buzu, kuma yakan yi gyangyaɗi a tsakiyar karatu. Babu wanda ya taɓa cewa ya ga karamarsa. Matarsa, da muke kira Inna, tana sayen mai a wurina, ita na fashe wa da kuka wata rana ina auna mata. Ta kama hannuna ta kai ni bayan zanar da ke raba cikin gida da zaure, ta ce wa mijinta ga 'yar mutane tana da magana.

Na zaci zai ce a kawo zakara, ko ya ba ni rubutu in kai a sha. Sai ya shiga yi mini tambayoyi irin na tsohuwar ungozoma. Yana cin abinci? Da hannunsa ko sai an ba shi? Yana barci? Yaushe rabon da ya yi dariya da mutum? Yana gane uwarsa? Can ya tambaye ni salla. Abin da nake ɓoye wa kowa ke nan. Na ce a gaskiya lokaci yakan shiga ya fita yana zaune, sai in mutane sun ɗaga shi sun tsayar. Na ji Malam ya ja dogon numfashi a bayan zana. Na yi ƙarfin hali na ce ko baƙon nan ne ya cuce mu.

"A'a, ɗiyata, kar ki ɗauki alhakinsa," in ji shi. "Abin da ya ba shi sunan Allah ne, babu sharri a ciki. Sai dai an ɗora wa jaki kayan raƙumi, mai ɗorawar kuma bai tsaya ya ga tashinsa ba. Je ki gida. Gobe ki dama kunu da ɗan yawa, ni ma zan sha."

Washegari da hantsi ya zo yana dogara sanda. Masu ziyara suka buɗa masa suna murna, a zatonsu shi ma ya zo neman albarka. Ya zauna dab da maigidana, ya kira shi da sunansa na yara, wanda ni ma ban taɓa ji ba. Ya daɗe yana yi masa magana ƙasa-ƙasa. Sannan ya sa hannu ya zare carbin daga yatsunsa, a hankali, kamar mai raba yaro da wuƙa, ya jefa a aljihu. Ya juya ya ce wa jama'a mutumin nan ba shi da lafiya, kowa ya tafi gida, wanda ke son sa ya yi masa addu'a daga can. Ya ce kada a sake kawo ko ƙwayar gero. Ina leƙe ta kafar zana na ga fuskoki sun canza.

Abin da ya biyo baya ba daɗi. Aka ce hassada ce, tsoho ya ga yaro ya wuce shi. Aka ce ya tare wa bawan Allah hanya, zai gani a lahira. Da ya kama hannun maigidana ya kai shi likita don tarin da ya kama shi, ya ce shi bai san maganin ƙirji ba lokotoro ya sani, sai aka ce ya kai waliyyi hannun Nasara. Sahun masallacinsa ya ragu, wasu suka janye 'ya'yansu daga karatu, raɗin suna ma aka fara kiran wani. Surukata ta daina amsa gaisuwarsa, ni kuma ta ce na kashe mata kasuwar ɗa, ko da yake ba da wannan kalmar ta faɗa ba. Inna ta gaya mini akwai ranakun da ba su ɗora tukunya ba. Ban taɓa jin ya rama wa kowa ba, ban kuma ji ya ambaci baƙon nan da mugun baki ba. In an kawo masa gulma sai ya ce a daka masa goro.

Kullum da hantsi Malam yana nan. Ya sa a buɗe rumfa, ya zaunar da maigidana a inda ya saba zama, su sha kunu ƙwarya ɗaya, Malam na kurɓa da ƙara kamar da gayya. In lokacin salla ya yi ya kama shi su yi alwala tare, gaɓa bayan gaɓa, kamar mai koya wa ɗan yaye. Ya hana shi kowane wuridi sai salloli biyar da ɗan istigfari da bai kai a kira shi aiki ba. Da rana ya ce in shimfiɗa masa ya kwanta, ko barci bai zo ba. Sannan ya bi gida-gida ya tattaro duk wata yagaggiyar gugar fata da salka mai yoyo a unguwar, ya zube su a gabansa. Ya ce mata na wahala a rijiya, ruwa na zubewa kafin ya iso baki, kuma shi bai san wani baduku ba sai shi. Kwanaki fatun nan suna zube ba a taɓa ba. Sai Malam ya ɗauki basilla da kansa, da hannun nan nasa mai rawa, ya shiga ɗinki. Ɗinkin da ko makaho ba zai karɓa ba. Yana yi yana kai wa fuskar maigidana yana tambaya ko haka ake yi. Rannan dai, ban san ko haushi ba ne, sai na ga hannun maigidana ya miƙe ya karɓe basillar, ya warware ɓarnar, ya ɗinke wurin, ya ajiye. Sannan idonsa ya koma inda yake.

Kada ku zaci daga nan sai sauƙi. Yau a ci gaba, gobe a koma baya. Akwai ranar da ya farka da kuka yana lalube a ƙasa yana neman carbinsa, ya kama rigar Malam har ta yage. Ranar ce na fara jin ya haɗa magana mai tsawo tun da abin ya fara.

"Malam, na kusa isa. Saura kaɗan ka dawo da ni. Me na yi maka?"

"Ka kusa isa ina?" in ji Malam. "Wanda kake nema shi ya ba ka uwa, ya ba ka mata, ya ba ka hannun da ya iya ɗinki, ya ce ka tsaya gabansa sau biyar. Ka zubar da su duka a hanya kana gudu. In ka isa ya tambaye ka ina ajiyarsa, me za ka ce? Zauna, ɗana. Ba ya gudun ka."

Ya yi ta kuka, Malam na riƙe da kansa, har ya yi barci a wurin.

Gero ya yi kai, ya nuna, aka fara yanka. Maigidana yana ci da hannunsa yanzu, yana salla, yana ɗinka abin da aka ajiye masa. Amma sai an ce yi yake yi. In ba a yi masa magana ba haka zai wuni, kuma har lokacin bai dube ni ya san ni ce ba. Tsoro ya kama ni. Na koma bayan zanar nan na roƙi Malam abu biyu. Na ce ya yi mini alkawari zai warke kafin Baba ya zo, in kuma hakan bai samu ba, ya gaya wa Baba ya warke, ai maganarsa za a ji. Ya ce na farkon ba a hannunsa yake ba, shi bai san gobe ba, bai ma san ko maigidana zai ƙarasa dawowa hayyacinsa ba. Na biyun kuma ba zai yi ba, don Baba yana da haƙƙi a kaina, kuma ni ma ina da haƙƙi a kan kaina da nake neman mantawa. Abin da zai iya shi ne ya ci gaba da zuwa, ko ina nan ko ba na nan. Na tashi ina jin haushinsa har wuya. Na ce a raina wane irin malami ne wannan, ba karama, ba alkawari, ko 'yar ƙaryar da za ta gyara aure ba zai iya ba. Sai da na girma na ga masu alkawari iri-iri, sannan na san darajar wanda ya ƙi yi mini.

Baba ya iso wata ranar kasuwa da jakinsa, ya kawo rake da dabino kamar yadda ya saba. Kafin ya shigo gidanmu sai da ya biya wurin Malam, Malam kuwa ya gaya masa komai yadda yake, bai ƙara ba bai rage ba. Maigidana ya durƙusa ya gaishe shi, amma gaisuwa ce irin ta wanda aka biya wa, ana tambayarsa gida yana amsa gajiya. Baba ya dube shi ya daɗe. Sannan ya ce mini an gode Allah da sauƙin da aka samu, amma wannan ba miji ba ne tukuna, kuma ba wanda ya san ranar. In haɗa kayana, da safe za mu ga alƙali.

Ban san yadda na yi tuwon yammacin nan ba. Ina tuƙi hawaye na zuba, ina kaɗa miyar kuka ina kallon 'yan ƙorena da tukwanena ina tunanin wanne zan ɗauka wanne zan bari. Bayan magariba na kai wa Baba nasa a zaure, na kai wa surukata, na ajiye wa maigidana nasa a ƙofar ɗaki inda yake zaune, na koma gindin murhu na zauna. Ni ban iya cin komai ba. Can sai na ji an ce, "Ke." A hankali, kamar mai gudun a ji. Na zaci kunnena ne. Aka sake cewa, "Ke, zo mana."

Na je na durƙusa. Yana riƙe da loma a hannu, ya ɓata fuska, kuma ni yake kallo, cikin idona.

"Miyar nan ba gishiri," ya ce. Sai ya waiga wajen zaure, ya ƙara rage murya. "Kar dai ki ce mini haka kika kai wa Baba? Mutum ya taso tun daga Gidimuni. Haba, so kike ya ce ba na ba ki na cefane? Tashi maza ki kai masa, ni kunya ba za ta bar ni in fita ba."

Na daɗe a durƙushe na kasa tashi. Ya ce wai me ya same ni nake kuka a kan gishiri, ai ba duka ya yi ba. Na ɗebi gishirin a tafin hannu na nufi zaure, rabi na zubewa a hanya. Na tarar Baba ya cinye tuwonsa tas, don shi ba mutumin da zai yi ƙorafi a gidan suruki ba ne. Ya dubi hannuna ya ce wa ya aiko ni. Na gaya masa, na kuma maimaita masa maganar kalma bayan kalma. Ya sa na sake faɗa. Ya suɗe yatsa, sannan ya ce lallai miyar ba gishiri, kuma mutumin da ya san haka, ya kuma san kunyar surukinsa, ba shi ne za a kai gaban alƙali ba. Da safe ya ɗaure wa jakinsa akumari ya kama hanyar gida shi kaɗai, maigidana ya raka shi har bakin gari ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu don kunyar suruki.

Tun kafin su fita na aika wa Inna da labari. Na dama kunu mai yawa, na share rumfa, na shimfiɗa wa Malam wurin zamansa, ina ta shirya godiyar da zan yi da haƙurin da zan ba shi. Hantsi ya yi, ya wuce, kunu ya huce. Maigidana ya dawo ya zauna yana ta duban hanya, har ya fara mita, wai tsohon nan bai san mutane na da aiki ba. Da rana ta take ba mu gan shi ba, hankalina ya tashi, na yafa mayafi na tafi da kaina ko ba shi da lafiya. Na same shi lafiya lau, ina jin muryarsa ta bayan zana yana yi wa 'yan yaran da suka rage masa faɗa. Na gaishe shi na ce mun yi ta jira, kunu har ya yi sanyi.

"In zo in yi me, ɗiyata?" ya ce. "Mai gida ya dawo gidansa. Ki ce masa mu haɗu a masallaci kamar kowa."

Bai sake zama a rumfar nan ba har ya bar duniya. Na koma gida na ɗumama kunun, muka shanye ni da mijina.